Sunan Babana a Faifan Garmaho

Ba zan taɓa mantawa da washegarin Babbar Sallar bara waccan ba, ranar da na aika aka kira mutane, na shimfiɗa musu tabarmi, na ba su soyayyen nama da kunun zaƙi, duk don su zauna da kyau su ga yadda zan ji kunya. Ba wanda ya sa ni. Ni na tsara abina da hannuna, wata huɗu cur ina shiri.

Ni malamin makaranta ne a Kaura Namoda, kimiyya nake koyarwa. Ina da halaye masu kyau (matata za ta iya lissafo biyu in an ba ta lokaci), amma ina da wata cuta guda: ina son a ce na sani. In ban san abu ba, ba na tambaya. Sai in cike gurbin da abin da ya fi yi mini daɗi, in riƙe shi gam.

Tun ina yaro nake jin cewa sunan babana yana cikin faifan garmaho. Gwaggona ce ta fara faɗa a gabana, wata rana suna surfe da mahaifiyata, Inna. Ta ce, "Ai Labbo har cikin hwaihwai anka sa shi." Matan gidan suka kwashe da dariya, Inna ta sunkuyar da kai ta ci gaba da dakanta. Ni a wautata na ɗauka dariyar alfahari ce.

Babana, Labbo Dogo, mutumin Sakajiki ne. Noma ya fara yi, daga baya ya dawo Kaura ya kama aikin lebura a tashar jirgin ƙasa. Ba mai yawan magana ba ne, ni kuma ɗan fari ne, tsakaninmu sai gaisuwa da aike. Ya rasu shekarar da na gama kwaleji, ban taɓa tambayarsa zancen faifan ba. Abin da na iya tsinta a bakin mutane shi ne wani makaɗin noma ne ya yi waƙar. Daga nan na gina sauran da kaina. Makaɗin noma wa yake wasawa in ba gwarzon manomi ba? Shi ke nan, babana ya zama gwarzo. Labarin ya yi ta girma a bakina shekara da shekaru, har ta kai a ofishin malamai ina ba da labarin yadda yake riga kowa kai ƙarshen gona ya juyo ya tari na baya.

Akwai dalilin da ya sa na riƙe labarin nan haka, kuma sunansa Alhaji Mande. Surukina ne, mahaifin matata Luba, mutumin Zurmi. Manomi ne ɗan manomi, mahaifinsa ma Sarkin Noma ne a zamaninsa. Wallahi bai taɓa gaya mini baƙar magana ba. Amma daminar farko bayan aurenmu na je taya shi noma, yadda ake yi wa suruki. Kafin hantsi ya dubi ludayi tafin hannuna duk ya yi bororo, ina noma ina tsayawa ina duban rana. Alhaji ya zo ya tsaya, ya dubi aikina, ya dubi hannuna, sai ya ce da mutanensa cikin tausayi, "Ku kai Malam inuwa. Hannun alli na."

Shekara ashirin da biyu maganar nan tana zaune a ƙirjina. In takarda za a cike, ko waya ta rikice, ni ake nema. Amma in ana zancen gero da dawa, ko wace gona za a huta da ita bana, da na sa baki sai a yi shiru cikin ladabi, a jira in gama, a ci gaba daga inda aka tsaya. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Burina shi ne ko sau ɗaya Alhaji ya ji da kunnensa cewa ni ma daga gidan hauya na fito.

Faifan yana nan wajen Inna, a ƙasan adakarta, naɗe cikin wani tsohon ɗankwali. Abin kunnawa ne babu. Sai wata Alhamis na raka wani abokina kasuwar Shinkafi sayen batirin sola, muka tsaya gaisawa da wani mai gyaran rediyo, Malam Isuhu. A can ƙarƙashin tarin matattun rikodoji na hango wani akwatin katako mai murfi. Na ɗaga murfin, sai ga garmaho na lantarki, da faranti mai juyawa da hannunsa na allura. Malam Isuhu ya ce daga Nijar aka kawo masa gyara tun da daɗewa, mai shi ya ce ya sayar ya huta. Ban ko yi ciniki mai kyau ba. Na rungumo shi a cinya har Kaura, duk ramin da mota ta faɗa ina salati.

Daga nan gidana ya koma shagon gyara. Bel ɗin da ke juya farantin ya narke ya zama baƙin danƙo, na kwana biyu ina kankare shi. Na koma Shinkafi sau biyu kafin Malam Isuhu ya samo mini wani bel daidai da shi a cikin wata tsohuwar rikoda. Allura sai daga Kano aka aiko mini. Da na haɗa shi da lasifika sai ya kama wani gurnani mai tayar da hankali, ashe wayar ƙasa yake so. Na kafa ƙusa doguwa a bayan taga, na ɗaura waya, kullum ina zuba mata ruwa kada ƙasar ta bushe (Luba ta ce tun da aka yi aurenmu ba ta ga na kula da wata shuka haka ba). Teburin ma sai da na daidaita shi. Na ɗora faranti cike da ruwa a kai, ina cusa takarda a ƙarƙashin ƙafafun, har ruwan ya tsaya bai karkata ko'ina ba.

Malam Isuhu ya ba ni wani faifai na gwaji, wata mata ce ke waƙa da harshen da ban sani ba. Ranar da allura ta sauka a kansa, aka yi ɗan ƙas-ƙas, murya ta fito tangaram, sai da na zauna na saurare ta har ƙarshe. Akwai wani abu game da garmaho da waya ba ta da shi. Dole ka wanke hannu, ka kama faifan ta gefe, ka share shi, ka sauke allura a hankali, sannan ka zauna ka saurara. Ba ka tsallakewa, ba ka yin wani aiki. Na ji daɗin abin ƙwarai, har na fara yi wa duk wanda ya shigo gidana lacca a kansa.

Saura faifan gaske. Na shiga ɗakin Inna na durƙusa na gaya mata buƙatata, da cewa taro zan yi, har Alhaji Mande zan gayyata. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma kallon idona, haka muka saba. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Wanga hwaihwai ba na taro ba na."

Na ce a raina kawaici ne irin na tsofaffi, ba ta son a yabi mijinta a gabanta. Bayan kwana biyu na koma, ta ce ta manta inda makullin adakar yake. Na tura Luba. Luba ta daɗe a ciki, ta fito ta ce da ni, "Malam, don Allah ka ƙyale Inna da abinta." Na tambaye ta ko Inna ta faɗi wani dalili, ta ce ba ta faɗa ba, amma fuskarta ta faɗa. Ni da nake koyar da kimiyya, ina ni ina hujjar fuska? Na sake komawa da makamin da na san ba ya kuskure. Na ce, "Inna, jikokinki ba su san kakansu ba. Ko sunansa dai su ji a bakin wani." Ta ci gaba da jan carbinta. Ranar taron da safe ta aiko mini da ƙunshin ɗankwalin ta hannun Luba, ba tare da ko kalma ɗaya ba.

Shi ma Alhaji, da na kira shi a waya na gayyace shi, sai da ya ba ni tawa damar. Ya ce, "Hwaihwan da anka ambaci Labbo?" Na ce shi fa, Baba. Ya yi jim. Ya ce, "Malam, ka saurare shi?" Na ce a'a, ai tare za mu ji. Ya sake yin jim, har na zaci layi ne ya yanke. Can ya ce, "To. Allah shi kai mu."

Mai karatu zai ce, daga safe zuwa la'asar me ya hana ni rufe ɗaki in ji waƙar minti huɗu? Ina da amsa biyu. Wadda na ba Luba ita ce na karanta cewa tsohon faifai yana cinyewa duk sanda allura ta bi ta kansa, saboda haka ba a wasa da shi. Ta gaskiyar kuwa, so nake hawayena su zubo sabbi a gaban jama'a. Na ƙudura cewa zan yi kuka kaɗan, irin na maza, Alhaji ya gani.

Bayan la'asar tsakar gida ya cika. Alhaji Mande ya zo daga Zurmi da ƙannensa biyu, sun yi sammako saboda hanya. Ga malaman makarantarmu shida, waɗanda suka sha labarin jaruntar babana har suka haddace. Ga maƙwabta. Mata suna cikin ɗakin Inna, an saki labule, amma taga a buɗe. Na fito da teburin ƙarƙashin rumfa, na sake daidaita shi da farantin ruwa a gaban kowa. Sannan na yi jawabi. Na yi bayanin bel, na yi bayanin allura, na gargaɗi jama'a cewa da zarar faifai ya fara juyawa haramun ne a taɓa hannun allurar da gaggawa. Na rufe da cewa, "Yau za ku ji irin gidan da na fito." Malamai uku suka ɗaga wayoyinsu suna ɗauka.

Na sauke allura. Ƙas-ƙas, sai ganga ta tashi, sai muryar makaɗin, tsohuwar murya mai kauri, da 'yan amshinsa. Wajen ya yi tsit. Ya fara da wasa wanda aka yi waƙar dominsa, sai na ji sunan wani Sarkin Noma na ƙasar Zurmi. Na ga Alhaji ya gyara zama, ƙannensa sun dubi juna. Ashe mahaifinsu ne. Raina ya ƙara fari. Na ce a zuciyata, ka ga ikon Allah, babana da baban Alhaji a waƙa guda.

Makaɗin ya bi manoma ɗaya bayan ɗaya yana yabo, waɗanda suka zo gayya gonar Sarkin Noman. Can sai na ji:

"Ina Labbo Dogo na Sakajiki?"

Na ɗaga yatsa sama. Na miƙa ɗaya hannun na murɗa ƙarar lasifika har ƙarshe, don na ƙofar gida ma su amfana.

"Rana ba ta yi tsaka ba yaj jehwa hauya,
Ya bar takalma nai bakin gona,
Tsawo ga shi, aiki babu."

'Yan amshi suka karɓa da ƙarfinsu: "Raggo ya gudu!"

Zambo ne. Duk wanda ya san kiɗan noma ya san makaɗi ba ya yabon jarumai sai ya samo raggo guda ya yi musu abin dariya da shi. Na san wannan sarai, kawai ban taɓa kawo wa raina cewa a waƙar nan mu ne raggon ba.

Ban gama haɗiye wannan ba sai allura ta faɗa wani tabo da ke jikin faifan, ta ƙi wucewa. "Raggo ya gudu... raggo ya gudu... raggo ya gudu..." Da ƙarar da ni na ƙure da hannuna. Yatsana yana nan a sama, na manta ban sauke shi ba. Na tsaya ƙiƙam, dokar da na kafa ta hana taɓa allura. Wayoyin malamai suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Wani maƙwabcina ya toshe baki da hula, kafaɗunsa suna rawa. Ba na jin an maimaita kalmar nan ƙasa da sau goma sha biyu, ko da yake Luba ta ce bakwai ne.

Alhaji Mande ne ya taso. Ya sa ɗan yatsansa mai kaushi ya ɗan tura hannun allurar, ta tsallake tabon, kamar wanda ya saba yi kullum. Na kai hannu zan kashe, ya ce, "Bar shi shi ƙare." Muka tsaya haka har ganga ta yi shiru, allura ta kai tsakiya tana ƙas-ƙas.

Alhaji ya koma ya zauna. Bai dube ni ba, jama'a ya duba.

Ya ce, "Ran da anka yi gayyar ga, ni ag gefen Labbo, kafaɗa da kafaɗa. Ni ina saurayi, shi ya girme ni kaɗan. Wallahi ko ƙura tai ban iya cim ma. Muna cikin aiki wani yaz zo da keke daga Sakajiki, yar raɗa mai magana. Ni kaɗai nij ji. Iyali nai ta kwana biyu tana naƙuda, ungozoma ta ce abin ya hi ƙarhinta. Nan take yas saki hauya. Da ƙahwa yat tahi har bakin hanya, yas samu mota, yak kai ta asibiti nan Kaura."

Wani daga cikin malamai ya ce, "To me ya hana shi faɗa, Alhaji?"

Alhaji ya dube shi da mamaki. Ya ce, "Haihuwar fari? Shi tsaya gaban dattawa da makaɗa shi ce matata za ta haihu? Ku yaran yanzu ku ka iya wannan. Mu lokacinmu gara a kira ka raggo. Ni ma da nis sani ban iya hwaɗi ba, ba a tona ma mutum irin wagga magana." Sannan ya juyo gare ni. "Abin da anka haihwa ran nan, ga shi nan tsaye shina riƙe da lasihika."

Wannan karon dariya aka yi sosai, har da ni, ko da yake tawa ba ta fita daidai ba. Hawayen da na tanada suka zo, amma ba irin na mazan da na tsara ba.

Da za su tafi na raka Alhaji bakin mota. Ya riƙe hannuna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Malam, sanda kaz zo neman Luba, mutane sun yi ta kawo min 'ya'yan manoma. Da nij ji ko ɗan wa kake, ban ƙara shawara da kowa ba. Nic ce wanda uba nai yab bar gona gaban makaɗa don matarshi, ɗiyata ba ta wulaƙanta gidansu. Ba don bokonka nib ba ka ba." Ya shiga mota. Na tsaya a bakin hanya ina tunanin shekara ashirin da biyu da na yi ina neman hujjar da zan kai masa, alhali shi ya gama yanke hukuncinsa tun kafin in san hanyar Zurmi.

Shiga ɗakin Inna ya fi komai yi mini wuya. Duk abin da aka yi a kunnenta aka yi, a gaban surukarta da matan unguwa. Na naɗe faifan a ɗankwalinsa, na durƙusa daga bakin ƙofa na ajiye, na ce ta yafe mini. Ba ta ɗago ba. Ta jawo ƙunshin ta ɗora a cinya tana gyara bakin ƙullin.

Ta ce, "Hwaihwan wagga waƙa ukku sunka zo kantin Kaura. Duk yas saye su don kar a kunna su teburin mai shayi. Yaf fasa biyu. Wanga ni nib ɓoye."

Na ce, "Inna, me ya sa kika ɓoye abin da aka zage shi a ciki?"

Ta gama ɗaure ƙullin. Can ta ce, a hankali, tana kallon bango, "Ni ba zagi nika ji ciki ba."

Garmahon yana nan a ɗakina, ina kunna shi lokaci-lokaci, faya-fayaina sun kai goma yanzu. Na daina lacca. A ofishin malamai ma in an taɓo zancen noma sai in kama duba takardun jarrabawa. Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, kowane mai hankali da shi aka haife shi: kafin ka tara mutane su ji abu, ka fara jin sa kai kaɗai, kuma in manya biyu suka yi maka jim a kan magana guda, ka tsaya ka tambaya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba kunyar taron ba ce. Babana ya haɗiye zagi saboda ni har ya koma ga Allah bai buɗe baki ba. Ni kuwa da na tashi saka masa, sai na haɗa zagin da lasifika.